Sandar Baffa Tana Jiran Zobe

Ina durƙushe bakin murhu ina kwashe ƙosai daga mai, wayata ta yi ƙara a kan taga. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk laka, sai da ta katse aka sake kira kafin na kai gare ta. Yaya ne, babban wanmu. Bai yi doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ce, "Ki bar abin da kike yi ki taho gida. Baba lokaci ya yi."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake faɗa. Sai na ga cokalin yana hannuna har yanzu, mai yana ɗiga a zanena. Na sauke kaskon, na leƙa na gaya wa maigidana, ya fita ya tsayar mana da kurkura, keken hayar nan mai taya uku. Daga Ƙofar Durbi, inda nake aure, zuwa gidanmu a Ƙofar Guga ba wata tafiya ba ce, amma ranar na ga tsawonta.

Ba zan ɓoye abin da ya cika mini zuciya a hanya ba. Ba wanka ba ne, ba likkafani ba, na san akwai masu yi. Baffa ne, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyun sun rabu cikin ɓacin rai a kan wata sanda da Baffa ya ce a yi masa, kuma ni ce ɗiyar aike a tsakaninsu. Ina ta cewa a raina, ya Allah, kada Baffa ya ƙarasa rayuwarsa yana ganin ƙanensa ya wulaƙanta shi.

Inna na samu zaune a ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Ita ta ba ni labarin da bakinta, a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure, ya ce a kawo masa koko. Da ta kai, ta same shi jingine da bango, magagarinsa na goge ƙarfe a kan cinya, kai a sunkuye kamar mai gyangyaɗi. Har ta ce masa, "Malam, kokon zai huce." Bai yi jinya ba, ban da wani ciwon ƙirji da yake cewa ba komai ba ne. Gwaggo, ƙanwarsu, ta share hawaye ta ce wannan mutuwa ce ta wanda ba ya son ba mutane wahala, da rai ma haka yake.

Mu mata muna ciki, abin da ya faru a waje maigidana ne ya gaya mini. Ya ce da aka fito da shi, sahun farko mutanen unguwa ne da maƙera 'yan uwansa. Sai ga wasu suna ta zuwa da ba a san su ba a unguwar: samari masu askin zamani, direbobi, tsofaffin ma'aikatan gwamnati da manyan riguna, har da wani likita da ya baro aiki a tsaye. Dattawan unguwa suka riƙa tambayar juna ko mutanen wane ne waɗannan. Wani a cikin baƙin ya ji, ya ce, "Mutanen Baba Mai Zobe ne." Sunan da suke kiransa da shi ke nan. Masu buga sinuka ne duka, wasan nan na ƙwallaye a kan tebur, kowa da sandar da ta taɓa biyowa ta hannunsa.

Baffa ne ya yi masa salla, don shi ne babba kuma shi ne malaminmu. Maigidana ya ce ya tsaya da ƙyar saboda gwiwarsa, wani ya miƙa masa hannu ya ƙi. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna a tabarmar ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Samarin nan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa gabansa, suna cewa Allah ya jiƙan Baba, ya ba da haƙuri. Yana amsawa, yana kallonsu. Amma zauren bai shiga ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne a ciki don mutum bai shiga zaure ba. Shi ya sa nake son in rubuta wane ne Baba, kafin abubuwan su fara gushe mini.

Mu gidan maƙeran fari ne, masu aikin tagulla da azurfa. Kakanmu awarwaro yake yi, da zobba, da kuben wuƙa, da zoben da ake sa wa gindin sandar dattawa don kada ƙasa ta cinye ta. Baffa ya fara zama a maƙera yana yaro, sai kansa ya ɗauki karatu, ya bar zuga-zugi ya kama littafi. Baba ne ya gaji wurin. Da kayan kanti suka cika kasuwa, mata suka daina sayen awarwaron hannu, aikin ya yi ta raguwa har ana wuni ba a hura wuta ba.

A wannan lokacin ne wani mutum ya kawo masa sandar sinuka da kanta ya tsage. Baba bai taɓa ganin irinta ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya tambayi abin da ake yi da ita. Mutumin ya ce ƙwallo ake zungura da ita a kan tebur. Baba ya ce to ai ciwonta ɗaya da sandar tsoho, duk inda itace ke shan duka yana son zobe. Ya ciro bututun tagulla daga wani tsohon risho na Inna, ya yanka da zarto, ya gyara. Inna ba ta yafe rishon ba sai bayan shekaru. Daga wannan mutum labari ya bazu. Da farko gyara ne kawai, daga baya ya fara yin sandar tun daga itace: gindin da kanya ko ƙirya don nauyi, gaban da marke.

Na taso ina ganin aikin, don duk mai shiga gidanmu ko fita ta zauren yake bi. Sanduna a rataye suke da igiya daga azara, kai ƙasa, ba ya yarda a jingina su da bango, ya ce za su lanƙwashe. In zai sa zobe, sai ya fere kan sandar da 'yar wuƙa har ya yi daidai da bakin zoben, amma ya fi shi kauri kaɗan. Ya karce cikin zoben don gam ya samu abin kamawa. Ya ɗora shi a garwashi ya ɗumama, ba ya bari ya yi ja, ya ɗauko da awartaki ya tura da sauri, ya buga sau ɗaya. Da tagullar ta huce sai ta ƙanƙame itacen. Daga nan sai magagari, sai samfefa, takardar goge itace, har inda itace ya ƙare da inda tagulla ta fara su zama abu ɗaya a hannu. Ba ya yarda da yatsansa, ya ce ya yi kanta. Gyalen Inna yake aika a ɗauko, mai santsin nan, ya ja shi a kan zoben. In zare ɗaya ya maƙale, aiki bai ƙare ba. Inna takan ce daga ciki, "Malam, gyalen unguwata ne fa." Shi kuma ya ce ai in ya tsage laifinsa ne, in bai tsage ba ta samu shaida mijinta ya iya aiki.

Mahaɗa ta fi zobe wuya. Ita ce tagullar da ke tsakiyar sanda, namiji da mace, ana murɗawa sandar ta rabu biyu a sa a jaka. Ramin da zai huda sai ya bi tsakiyar itacen sak, in ya kauce ko da kaurin gashi ne, sandar za ta yi rawa. Yana da wani gilashin taga da yake shimfiɗawa a ƙasa ya mirgina sandar a kai, ya kwantar da kunci yana kallon kanta. In ya gama sai ya murɗa ta ya haɗe, ya ce kowa ya yi shiru, ya ƙwanƙwasa gindinta a ƙasa ya kai kunne. In tagullar ba ta zauna ba ana jin wata 'yar ƙara a ciki. Yakan ce, "Wagga tana da surutu," ya kwance ya sake. Mu ma in muka cika hayaniya haka yake ce mana, wai an sa mu da sauri ne.

Shi kansa bai taɓa buga sinuka ba. Sau ɗaya 'yan sinukar suka matsa masa ya je ya gani, ya dawo yana cewa teburin yana da kyau, kamar gonar alkama, amma bai ga dalilin da zai sa babban mutum ya kwanta a kai da riga mai tsada ba. Suna sonsa da wannan. Zauren kan cika da su, suna musu a kan wanda ya fi wani, yana aikinsa yana sa baki jefi-jefi. Wani ya taɓa cewa sandar ce ta sa aka cinye shi, Baba ya karɓa ya mirgina a gilashi ya miƙa masa, ya ce, "Ita dai a miƙe take. Sai ka duba mai riƙon." Da an kira salla kuwa zai ajiye magagari ya ce a tashi, buta tana nan, kuma babu mai zama.

Abu ɗaya ne ba ya ɗaga ƙafa a kai. Duk sabon da ya kawo sanda sai ya tambaye shi, wasa yake yi ko caca. Na taɓa ganin ya mayar wa wani mai mota da sandarsa, ba faɗa ba zagi, ya ce masa ya ji labarin inda yake bugawa, ya kai wa wani. Ban ce ba a taɓa yi masa ƙarya ba. An yi. Da Yaya ya faɗa masa haka, sai ya ce shi nasa tambaya, amsar kuma mai ita zai ɗauka.

A cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani gurgu, magidanci, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Shi ya nemi a yi masa iso ya gaida Inna. Ya tsayar da kekensa a ƙofar ɗaki ya ciro jaka, ya nuna mata sanda mai gida uku. Ya ce shekarun baya ya zo yana kallon sandunan nan, ya ce shi sai dai kallo, don daga zaune hannunsa ba ya kaiwa tsakiyar tebur, kuma doguwar sanda ba ta hawa kekensa. Da ya sake biyowa sai ya tarar Baba ya yi masa wannan, mahaɗa biyu, in ƙwallo tana kusa ya cire guntu, in tana nesa ya ƙara. Ya ce, "Hajiya, yanzu a wurinmu sai an yi shiri kafin a kara da ni." Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta juye, ya rufe fuska da hula. A nan Inna ta fara kuka na sosai tun safe.

Baffa bai taɓa yarda da wannan aiki ba. Ba mugun mutum ba ne, shi ya koya mana karatu duka a zaurensa na Ƙofar Kwaya, kuma ko fensir muka rasa shi ke saya. Amma yana ganin maƙerar ubansu wuri ne mai daraja, an mai da ita matattarar marasa aikin yi. Ya yi wa Baba magana a keɓe, Baba ya ce ya ji. Ya sake yi, Baba ya ce ya ji. Sai ranar sunan ɗan fari na Yaya, ana zaune cikin mutane, wasu samari suka zo da sanduna a kafaɗa suna tambayar Baba Mai Zobe. Baffa ya ce a gaban kowa, "Wutar da ubanmu ya hura, yau 'yan wasa take wa aiki." Baba ya dubi wansa. Sannan ya ce, "Yaya, da ita nike ciyar da jikokinshi."

Tun ranar Baffa bai ƙara cire takalmi a ƙofar zauren nan ba. Ba su yanke zumunci ba, kada a ce na faɗi abin da ba a yi ba. Duk Juma'a in ya taso daga masallaci sai ya biyo. Ya tsaya daga waje, a bakin dokin ƙofa, su gaisa: ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya ruwa, ya haƙuri da jama'a. Ba abin da suke ragewa. Baba ya ce, "Bismilla, a shigo." Baffa ya ce, "A'a, a tsaye nike." Ya wuce. In zai ga Inna, sai dai ta fito. Yaran da aka haifa a lokacin yau sun yi aure, abin bai canza ba.

Ni na ci sunan mahaifiyarsu, don haka dukansu Uwata suke kirana, kuma dukansu ba sa iya yi mini tsawa. Abin da ɗaya ba zai iya faɗa wa ɗaya ba, ni ake gaya wa.

A farkon daminar bana gwiwar Baffa ta matsa masa. An sayo masa sandar asibiti ta ƙarfe, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Na je duba shi, muna zaune, sai ya ce yana kallon wani wuri, "Uwata, in kin je gida ki ce wa ƙanen nan nawa ya yi mini sanda irin ta Babanmu. Mai zobe." Na san nauyin maganar. Shekara da shekaru bai nemi komai daga maƙerar ba. Ban ma koma gidana ba, kai tsaye na wuce Ƙofar Guga.

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. Na ga farin ciki a fuskarsa ƙarara, har ya ce in sake faɗin yadda Baffa ya ce. Ya tashi ya shiga duba itatuwa, ya ture wannan ya ture wancan, ya ce babu wanda ya isa. Washegari ya hau mota zuwa ƙauye ya sayo kanya sabuwar sara. Daga nan matsalar ta taso.

Baba yana da ƙa'ida, kuma ta kakanmu ce: ba a sa wa sabon itace zobe da damina. Itace yana shan danshi ya kumbura. In ka sa zobe a lokacin zai kama kamar gaske, amma da ruwa ya ɗauke itacen ya rame, sai zoben ya fara juyawa, wata rana ya faɗi. 'Yan sinuka sun san haka, har tsokanarsa suke yi cewa Baba ya fi manomi duban sama. Sai Baba ya ce in gaya wa Baffa an fara, amma zobe sai ruwa ya ɗauke. Ya ba ni wata sandar gora ya ce ya riƙa dogarawa kafin nan.

Na ce, "Baba, ka san Baffa. Ka sa masa yanzu, in ya saki da rani ka sake."

Ya ce, "In sa wa wana zoben da na san zai saki? Yana taka dandamalin masallaci ya zame? A'a, Uwata. Kowa ma ban yi mishi haka ba, balle shi."

Na kai saƙon yadda aka ba ni, har na ƙara da bayani. Baffa ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba sai na koya masa itace ba, a maƙerar aka haife shi, ya riga ubana sanin ƙa'idar. Ya ce amma akwai busasshen itace rataye a zauren nan da ake ajiye wa 'yan wasa, da an so da an cire ɗaya. Ya ce shi ya sauke kai ya roƙa, an ce ya bi layi. Ya miƙo mini sandar gorar ya ce in mayar.

Da na gaya wa Baba, ya ce waɗancan sirara ne, an riga an fere su, ba za su ɗauki nauyin mutum ba. Gaskiya ne. Amma na ce masa ya je da kansa ya faɗa, ƙafa da ƙafa. Ya ce zai je, da sandar a hannu. Taurin kan nan gida ɗaya suka ɗauko shi, ban ɗora wa ɗaya na bar ɗaya ba. Juma'ar da ta biyo Baffa bai biyo ta ƙofar gidanmu ba, ta gaba ma haka. Inna ta ce Baba yakan zauna har la'asar yana fuskantar ƙofa, ya ce ƙila gwiwar ce. A haka aka kai ƙarshen damina, a haka rasuwar ta same mu.

Ranar sadakar uku, da hantsi, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, na fito daga cikin gida da kwanukan da za a mayar wa maƙwabta. Ina shiga zaure na ga Baffa tsaye a inda ya saba, bakin dokin ƙofa, yana dafe da bango. Yaya yana bayansa. Ba wanda ya taɓa komai a zauren tun ranar, magagarin ma yana inda Inna ta ajiye shi.

Na ajiye kwanukan na gaishe shi. Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa, amma duk ya tafi. Sai kawai na ce, "Baffa, ga ta can." Na nuna masa da hannu. Tana rataye cikin sandunan sinuka, ta fi su kauri, baƙa, tana ƙyalli.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya zare takalminsa ɗaya, ya zare ɗayan, ya ce bismilla, ya shigo.

Yaya ya kwance igiyar ya miƙa masa. Baffa ya tsayar da ita a gefensa, kanta ya zauna a tafin hannunsa daidai, ba sai ya ɗaga kafaɗa ko ya rankwafa ba. Ya tambaye ni ko ni na kai awonsa. Na ce a'a, ba wanda ya auna shi. Sai yatsansa ya sauka a kan tagullar da ke tsakiya. Ya murɗa, sandar ta rabu biyu a hannunsa.

Ya ce, "Wanga kuma mi ne ne? Abin 'yan wasan ne ya sa mini?"

Na ce masa Baba ya ce saboda babur ne. In za a goya shi zuwa masallaci ko asibiti, ya raba ta ya sa a jaka, kada ta shiga taya. Gaba da bayan mahaɗar kuwa guntayen tsohuwar ƙirya ya sa, busasshiya, shi ya sa ya iya gama ta. Kanyar da ke ƙasa ce ake jira.

Baffa ya mayar ya murɗa har ta kama. Ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa ya kai kunne, yadda Baba yake yi sak. Ashe ba Baba ne ya ƙirƙiro ba, daga ubansu ne. Bai ji komai ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ban san ko murmushi ne ba. Ya juya gindin sama, inda aka fere wurin zobe aka bar shi fari. Ya danna farce a jiki, ya shinshina. Na ɗauko masa gwangwanin madarar da ke kan taga, zoben yana ciki, an yanka an karce cikinsa, an goge shi har mutum yana ganin fuskarsa.

Yaya ya ce in Baffa yana so, yau ɗin nan zai kai wa wani maƙeri a sa, ko a samo roba a tura mata, ya fara amfani da ita.

Baffa ya ce, "Da sauran ruwa a jikinta. Mai da ta inda ya rataye ta."

Ya nemi wuri ya zauna a kan buzun Baba, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya ɗaga hannu ya yi wa ƙanensa addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya yafe musu su biyun. Da muka shafa, ya ce in shiga in ce wa Inna yana zaure, in akwai sauran koko a kawo. Na shiga na faɗa. Inna ta ce, "A ina ki ka ce yake?" Na sake faɗa mata.

Ban ce raina ba ya ɓaci ba in na tuna Juma'o'in da Baba ya zauna yana fuskantar ƙofa. Amma na gode wa Allah. Baba ya tafi da alwalarsa, a wurin aikinsa, da abin wansa a gabansa. Ya ciyar da mu da guminsa, bai sa mun ji kunyar sunansa ba, kuma mutanen da ba dangin iya ba na baba sun yi masa kuka. Allah ya jiƙansa da rahama, ya haskaka makwancinsa, ya sa tamu ta yi kyau in ta zo.

Yanzu ruwa ya ɗauke, an gama girbi. Masu sanduna sun zo sun karɓi nasu, waɗanda aka gama da waɗanda ba a gama ba. Baffa yakan zo duk Juma'a, ya cire takalmi, ya zauna a buzun. Sandar gorar nan da ya mayar, da ita yake zuwa. Mai gyaran waya ya taɓa samunsa a nan, suka yi hira har la'asar, ya ce ya san wani a Kano da ya iya sa zobe. Baffa ya gode masa, ya ce aikin gida ne, shi zai sa da kansa, ya gani a wurin ubansa kuma bai manta ba. Makon jiya har ya sa aka hura garwashi. Ya ɗauki awartaki, ya dubi sandar ƙanensa, ya ajiye ya ce sai wani jiƙon.

Itacen ya bushe. Sandar tana rataye a azara, zoben yana cikin gwangwani a kan taga. Har yau ba a sa shi ba.